Hotunan gola 14 a cikin gwangwani: Amsa ga wani ɗalibi daga Isa

Na san na yi muku alkawarin ci gaba da maganar tsara lokacin karatu kafin jarrabawa, to ku yi mini afuwa mu ɗage ta zuwa mako mai zuwa. Wata wasiƙa ce ta shigo hannuna, na karanta ta sau uku, na ga bai kamata ta kwana ba amsa ba. Na cire sunan mai ita da na makarantarsu. Ga abin da ya ce:

"Yaya, ni ɗan aji ɗaya ne na babbar sakandare. Mu mutanen ƙasar Isa ne, amma yanzu muna zaune cikin Sakkwato wurin kawuna saboda halin da garinmu yake ciki. Ina tara hotunan Stanley Nwabali tun gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. Yanzu ina da 14, suna cikin gwangwanin madara. Ranar da muka taso, su na fara ɗauka. Abokaina suna yi mini dariya, wai kowa na tara Osimhen da Ronaldo, ni na ɓige da gola. Amma wani ya ce mini a ƙasashen Turawa ana sayen irin wanga hoto da miliyoyi. Gaskiya ne? In gaskiya ne ina son in sayar in taimaki babana."

Ƙanena, Allah Ya yi maka albarka da wannan niyya, Ya kuma mayar da ku gida lafiya. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba, don kada wani ya yaudare ka. Hotunan da ke cikin gwangwaninka ba za su kawo maka kuɗi ba. In daga jarida ka yanko su, ko daga kalanda, ko a shago aka wanke maka su daga waya, babu mai sayensu da miliyan, babu mai sayensu da dubu. Duk wanda ya ce ka turo masa wani abu don ya haɗa ka da mai saye a ƙasar waje, ɗan damfara ne. Amma kada ka zubar da su. Bi ni a hankali ka ji dalili.

Inda maganar miliyoyi ta samo asali

Wanda ya ba ka labarin nan bai yi ƙarya ba, rabin labarin ya ba ka. A ƙasashe irin su Amurka da Kanada akwai kamfanoni da sana'arsu ita ce buga katin 'yan wasa. Kati ne na kwali, bai kai faɗin tafin hannu ba, hoton ɗan wasa a gaba, bayanansa a baya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka fara saka irinsa a cikin kwalin taba sigari, daga baya aka koma haɗa shi da cingam don yara.

A Kanada wasan da ya fi shiga ran mutane shi ne hoki na kan ƙanƙara. Ɗan'uwan ƙwallon gora ne, sai dai a kan daskararren ruwa ake yin sa, 'yan wasa suna sulɓi da takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa. Abin da suke bugawa wani baƙin faifan roba ne mai tauri, nauyinsa kusan giram 170, kuma gwanaye kan buga shi ya yi gudun da ya wuce kilomita 150 a awa. Wani kamfanin cingam mai suna O-Pee-Chee ya shafe shekaru yana buga katin 'yan wannan wasa. A 1979 ya buga katin wani matashi mai suna Wayne Gretzky, wanda daga baya ya zama gwarzon da ba a taɓa yin irinsa ba a wasan. A 2021 aka sayar da kati ɗaya daga cikin waɗannan a kan dala miliyan 3.75.

Me ya sa? Abu huɗu ne suka haɗu. Kamfani sananne ne ya buga shi a shekarar, kuma ba za a sake buga na 1979 ba har abada. Mai hoton ya zama babban suna. Akwai masu kuɗi da suke takarar mallakarsa. Na huɗu kuma shi ya fi muhimmanci: katin bai lanƙwashe ba, bai dushe ba, kusurwarsa ko ɗaya ba ta daƙushe ba. Akwai kamfanoni da suke duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, kamar yadda malami yake yi wa jinga. Wancan ya sami 10, kuma irinsa masu 10 ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran dubban da yara suka yi wasa da su a aljihu, kuɗinsu bai kama ƙafar wannan ba. To ka ga hoton da kowa zai iya zuwa shago a wanke masa dubu a yini ɗaya ba ya cikin wannan lissafi.

Masu tara gola kawai

Amma ga abin da zai faranta maka rai. A can ma akwai mutanen da ba sa tara kowa sai masu tsaron gida, kamar kai. Wani ma gola ɗaya yake bi tun daga katinsa na farko har na shekarar da ya yi ritaya. Abin da yake jan su shi ne golan hoki ya fita daban da kowa a fili, musamman saboda abin rufe fuskar da yake sawa, kuma wannan abu yana da labari.

Da can fuska a buɗe gololin suke tsayawa, faifan nan yana fasa musu hanci yana zubar musu da haƙora. Ranar 1 ga Nuwamba 1959, a birnin New York, wani ɗan wasa mai suna Andy Bathgate ya buga faifan ya sami golan ƙungiyar Montreal Canadiens, Jacques Plante, a fuska. Aka fita da shi aka yi masa ɗinki. Ya ce ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuskar da yake sawa a wurin atisaye. Kocinsa ba ya so, amma babu wani golan da zai saka, dole ya yarda. Suka ci wasan, Plante bai sake rabuwa da abin ba sai jefi-jefi. Wasu suka kira shi matsoraci. Yau babu golan hoki da yake shiga fili fuska a buɗe. Wani golan Boston, Gerry Cheevers, shi kuma duk lokacin da faifan ya daki abin rufe fuskarsa sai a zana alamar ɗinki a wurin, don a ga raunin da ya tsallake. Mai riƙe da katin Plante ko na Cheevers, in ya san wannan, abin da yake gani ya wuce kwali da tawada.

Nan ne nake so ka tsaya. Masu tara kati na gaske sun fi daɗewa a bayan kati. A nan ake rubuta garin da aka haifi ɗan wasa, tsawonsa, ƙungiyoyin da ya yi wa wasa, wasa nawa ya buga, sau nawa aka ci shi. A Kanada ma da harshe biyu ake rubutawa, Ingilishi da Faransanci. Namu hotunan da muke yankowa ba su da wannan. In ka juya hoton jarida, rabin wani labari za ka gani ko tallar sabulu. Saboda haka aikin ya dawo kanmu: mu za mu rubuta bayan katinmu da hannunmu.

Littafina na Enyeama

Ni ma na yi irin abin da kake yi, kuma a Sabon Birni na yi shi. Ina ƙaramar sakandare aka yi Gasar Cin Kofin Duniya ta 2002 a Japan da Koriya ta Kudu. Ajantina ta ci mu, Suwidin ta ci mu, an riga an fitar da mu. A wasa na uku, da Ingila, ranar 12 ga Yuni, koci Adegboye Onigbinde ya saka wani yaro ɗan shekara 19 a raga, sunansa Vincent Enyeama. Da sassafe aka buga wasan a agogonmu, a rediyo na ji shi. Paul Scholes ya ɗirka wata ƙwallo daga nesa, yaron ya taɓa ta ta daki ƙarfe. Aka tashi babu ci. Daga ranar na kamu.

Hotonsa na farko da na samu, a jikin jaridar da aka ƙunsa tsire na same shi, mai ya ɓata masa kafaɗa ɗaya. Daga nan na riƙa bin direbobin tasha masu dawowa daga Sakkwato ina roƙon tsohuwar jaridar wasanni. Ina leƙa bangon littattafan rubutu a kasuwa, don lokacin 'yan ƙwallo ake bugawa a kansu. Wani ɗan'uwanmu mai zuwa Maraɗi ya taɓa kawo mini shafin wata mujallar Faransanci, a nan na fara sanin cewa su "gardien" suke ce wa gola. Duk na manna su a wani tsohon littafin rubutu.

Wata rana malaminmu na labarin ƙasa ya kama ni ina kallon littafin a ƙarƙashin benci. Na sadaƙar bulala ce. Sai ya buɗe, ya duba, ya ce: "Wace ƙungiya wanga yaro yaka yi ma wasa?" Na ce Enyimba. Ya ce tana wane gari? Na ce Aba. Ya nuna taswirar da ke bango ya ce in zo in nuna masa Aba. Na tsaya ina ta yawo da yatsa a wajen Legas, aji ya fashe da dariya. Ya ce: "Kullum kana kallon mutum, ba ka san inda yaka kwana ba?" Ya riƙe littafin kwana biyu, sannan ya maido mini da sharaɗi: kowane hoto sai na rubuta layi biyar a ƙarƙashinsa, kuma kowane layi sai na faɗi inda na samo shi.

Da haka na san Aba tana Jihar Abiya. Da Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003, karo na farko ga wata ƙungiyar Najeriya, na nemo Isma'iliyya a taswira, garin ƙungiyar da suka doke, na same ta a bakin mashigin Suwez a Masar. Da suka sake ci a 2004 na nemo Susa a Tunisiya. Ban taɓa jin ina karatu ba, amma karatu nake yi.

Ƙarshen littafin bai yi daɗi ba. Da kamu nake manna hotunan, na kuma ajiye shi a ƙasa cikin kwali a ɗakin ƙasa. Muka tafi dogon hutu da damina, kafin in dawo gara ta bi kamun ta cinye shi, sai bango da ɗan abin da ba a rasa ba. Na yi kuka ranar, ba na jin kunyar faɗa. Amma ga shi yau fiye da shekara ashirin, duk abin da na rubuta a ƙarƙashin hotunan nan yana kaina. Gara ta ci takarda, abin da na rubuta da hannuna kuwa ya riga ya shige inda ba ta kaiwa.

Masu yi maka dariya

Ka bar su su tara 'yan gaba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma in sun sake tambayar ka me ka gani a gola, ga abin faɗa.

Faɗin ragar ƙwallon ƙafa mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, mutum ɗaya aka ba tsaronta. Ɗan gaba zai zubar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola zai tare biyar, ta shida ta kuɓuce, ita za a riƙa tunawa. Enyeama ya buga wa Najeriya wasa 101. A 2010 ya hana Lionel Messi ci a Johannesburg har aka ba shi gwarzon wasa, duk da an ci mu ɗaya. A 2013 ya ɗaga kofin Afirka tare da Super Eagles, a shekarar kuma ya yi wasa 11 a jere a ƙungiyar Lille ta Faransa ba a ci shi ba, minti 1,062. Amma ranar 30 ga Yuni 2014, a Burazil, bayan ya yi ta hana Faransa ci, sai ya fito wa wata kwana ya taɓa ta bai kore ta da kyau ba, Paul Pogba ya sa kai. A gidan kallon da nake, mutanen da suke yi masa kirari minti goma da suka wuce su suka fara zaginsa. Shi ya sa tun da aka fara ba da kyautar Ballon d'Or, gola ɗaya ne ya taɓa samun ta, Lev Yashin na Tarayyar Sobiyet, a 1963.

Mu da muka tashi a ƙasar Gobir, kusa da kufan Alƙalawa, mun ji labarin birane masu ganuwa da ƙofofi. Makaɗa suna yi wa jarumin da ya fita ya ci yaƙi waƙa, amma ba safai ake yi wa mai tsaron ƙofa waƙa ba saboda daren da ba abin da ya shigo. Kai da ka baro gida da gwangwani a hannu, ba sai na gaya maka darajar daren da aka kwana ba abin da ya shigo ba. Wataƙila shi ya sa gola ya kwanta maka a rai. Ba abin kunya ba ne.

Fara da waɗannan

Ɗauko hotunanka 14, ka samo littafi, ka fara rubuta musu baya. Ga somin-taɓi, sauran kai za ka nemo.

An haifi Nwabali a 1996. Ya yi wasa a gasar cikin gida, kuma kafin ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022, Katsina United yake tsare wa gida, nan maƙwabtanmu. A gasar da ka ambata, wadda aka buga a farkon 2024, ya yi wasa huɗu a jere ba a ci Najeriya ba: da Kwaddibuwa, da Gini Bisau, da Kamaru, da Angola. Ranar 7 ga Fabrairu, a birnin Buwake, a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, aka tashi 1-1 aka je bugun fenariti. Ya tare na Teboho Mokoena da na Evidence Makgopa, muka wuce da 4-2. A wasan ƙarshe masu masaukin baƙi suka ci mu 2-1.

Yanzu ga lissafi. Wasa bakwai Najeriya ta buga, ƙwallo huɗu aka zura mata, ban da na bugun fenaritin raba gardama. Raba 4 da 7, za ka sami kusan 0.57. Wannan shi ne matsakaicin cin da ake yi mata a kowane wasa, kuma irin lambar da ake bugawa a bayan katin gola ke nan. Minti 1,062 na Enyeama kuma, mayar da su awa: awa 17 da minti 42. In ka iya wannan don ƙwallo, ka iya shi a ɗakin jarrabawa.

'Yan mata, ku ma kuna da taku. Chiamaka Nnadozie ta tare fenaritin Christine Sinclair ta Kanada a Gasar Kofin Duniya ta mata a 2023, aka tashi babu ci. Masu karanta mu a tsallaken iyaka, wajen Tsibiri da Maraɗi, ku nemo labarin Kassaly Daouda, wanda ya tsare wa Mena gida lokacin da Nijar ta fara zuwa gasar Afirka a 2012.

Yadda za ka adana su

Fitar da su daga gwangwani. Yana naɗe takarda, in ya sha danshi kuma ya yi tsatsa ya ɓata ta. A shimfiɗe hoto yake son zama.

Kada ka manna da kamu, ko sitaci, ko tuwo. Abincin gara da kyankyaso ne, ni shaida ne. Ɗora hoton a kan shafi, ka yi alamar kusurwoyinsa huɗu da fensir, ka ɗan tsaga wuraren da reza a karkace, ka cusa kusurwoyin a ciki. Zai zauna daram, kuma duk ranar da ka so ka cire shi ba tare da ya yage ba.

Kada ka yi rubutu da biro a bayan takardar jarida, tawadar tana ɓullowa ta gaba. Rubuta a shafin littafin, a ƙarƙashin hoton. Sa ranar da ka samo shi da inda ka samo shi.

Sa littafin a leda mai kauri, ka ɗora shi a sama, nesa da ƙasa da jikin bango. Rana tana dusar da launi, damina tana kawo danshi, hunturu yana kawo ƙura. Ledar nan tana maganin biyu daga ciki, inuwa tana maganin ɗaya.

Akwai gidajen da iyaye ba sa son a liƙa hoton mutum a bango saboda dalili na addini. In gidanku haka ne, ko gidan kawunka, kada ka ja da su. Littafi rufaffe ya ishe ka. Kuma kada ka buɗe shi malami yana aji. Ba kowane malami ne zai yi maka irin abin da nawa ya yi mini ba.

Wani zai ce me ya sa za a wahala da takarda alhali komai yana waya? Mutanen yankinmu sun san amsar. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Sabon Birni da Isa. Duk abin da mutum ya bari a intanet ya yi masa nisa a lokacin. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da gida ba hatsi. Littafi ba ya neman caji.

Abu biyu da zan ja muku kunne a kai

Na farko kuɗin tara. Kamfanin Panini na Italiya, wanda ya fara buga kundin sitika na Kofin Duniya a 1970, a rufe yake sayar da sitikarsa, ba ka san wanda ke ciki ba sai ka yage. Kundin 2018 yana da gurbi 682, kowane ƙunshi sitika biyar. Ko da ba a taɓa maimaita maka ɗaya ba, sai ka sayi ƙunshi 137. Kuma dole a maimaita, don yadda kake ƙara cika kundin haka wanda kake nema yake ƙara wuyar fitowa. Masu cingam da biskit mai hoto a ciki da wannan dabara suke cin kuɗin yara. In ka sami biyu iri ɗaya, yi musaya da abokinka. Kada ka zauna da yunwa a aji saboda hoto.

Na biyu ya fi haɗari. Na san wasan da ake yi a bayan aji, a tara kati a ƙasa, a tafa hannu a kai, wanda ya kifar ya kwashe. Yau kati ne, gobe a ce a sa naira hamsin, jibi a tsinci yaro a shagon cacar ƙwallo yana cewa ai shi ya san 'yan wasa. Caca ce tun daga tafin farko, addini ya hana, kuma ban taɓa ganin wanda ta gina ba. Abin da kake so har ka ɗauke shi farko ranar gudu, ba a zuba shi a ƙasa a tafa a kansa.

Aikin wannan mako

Ina da tambaya gare ku duka. Wa ya taɓa ganin hoton Inuwa Lawal Rigogo? Mai suna irin namu ne, shi ya tsare wa Najeriya gida a shekarun 1960, dattawa har yau suna labarin yadda yake tashi sama. Peter Rufai, wanda ya ci kofin Afirka a 1994, ya rasu a watan Yuli na 2025, da yawanku sai ranar kuka fara jin sunansa. In waɗanda suka tsare wa ƙasa gida suna shuɗewa haka, ina ga yaron da yake faɗuwa a kan tsakuwa ba safar hannu don makarantarku a Gatawa, ko Bafarawa, ko Unguwar Lalle? Panini ba za ta zo ta buga masa kati ba. In ba ku rubuta shi ba, ba mai rubutawa.

Saboda haka kowa ya yanko kwali daidai tafin hannu, ya yi wa golan makarantarsu ko na unguwarsu kati. Ku nemi izininsa tukuna. In ba hoto, ku zana rigarsa da lambarsa. A baya ku rubuta ajinsa, shekarar da ya fara tsaron gida, wasannin da ya buga a wannan zango, da wa aka kara, nawa aka tashi, sannan ku fitar da matsakaicin cin da aka yi masa. Kada ku sa lambar waya ko kwatancen gidansu. Abin da ba ku tabbatar ba, ku bar gurbinsa har ku tambayo. Ku yi biyu, ɗaya nasa ɗaya naku. Wanda ya ga nasa ya yi kyau ya aiko wa wannan fili bayanan da ya rubuta, za mu zaɓi wasu mu buga.

Kai kuma ƙanena mai gwangwani, ka yi wa golan makarantar da ka baro a Isa nasa, tun kana tuna wasanninsa. In ka gama littafinka, ka kai wa Baba ya gani, ka karanta masa abin da ka rubuta, ka nuna masa Buwake a taswira da lissafin da ka yi da kanka. Ba zai sayi buhun gero da shi ba. Amma uban da ya baro gonarsa yana son ya ga alamar cewa karatun ɗansa bai tsaya a hanya ba, kuma wannan kana da ikon ba shi tun yau. Ka riƙe makaranta da kyau, ka sake rubuto mini in ji yadda kuka yi.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku zo da jadawalin karatunku.